Jabanar Hajiya Kaka: yadda wani nunin zanen gahawa a Kaduna ya sauya hannu

Ranar da muka buɗe ɗakin ajiyar, wari ne ya fara tarbar mu kafin ido ya ga komai. Tsakiyar Agusta ce, an kwana uku ruwa bai ɗauke ba a Kaduna, bangon ɗakin har gumi yake yi. Zane goma sha biyu ne jingine a jikin bangon, aikin wata bakwai, duk da ruwan gahawa aka yi su a kan akoko. Fumfuna ta yi wa takwas daga ciki furfura. A kan mafi girmansu, wanda ke ɗauke da fuskar kakarta, kiyashi sun ja layi tun daga haɓa har goshi, suna ta safara abinsu. Mai zanen ta tsuguna ta taɓa gefen yadin, yatsarta ta manne kamar ta taɓa alewar ɗinya. Saura mako uku a buɗe nunin.

Ƙanwar abokina ce, ba kuma zan kama sunanta ba. Ni dai nawa aikin a lamarin bai wuce jigila ba: da motata aka ɗauko katako daga kasuwa, ni na kai ta wajen kafinta, ni na riƙe tsani. Amma wanda ya riƙe tsani yana ganin abin da na sama ba ya gani, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faro, da inda ya karye, da abin da ya koma daga baya.

Tushen maganar kakarta ce ta wajen uwa, wadda duk gidan ke kira Hajiya Kaka. A Sudan aka haife ta, cikin zuriyar Hausawa da Fulanin da hanyar Makka ta ajiye a can. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mutum kan kama hanya a ƙasa ta Barno da Chadi da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko dako ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wasu sukan shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu kuwa inda suka yada zango nan ya zama gida. Ayarin da ya fi shahara shi ne na bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Larabawan Sudan kan haɗa su duka su ce Fallata. Daga irin waɗannan garuruwa aure ya ɗauko Hajiya Kaka ya kawo ta Tudun Wadar Kaduna tana budurwa, da akwatinta da Larabcinta da wata 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya, jabana.

Kullum bayan la'asar sai ta fito da kurfoti tsakar gida. Ɗanyen ƙwayar gahawa take soyawa, wadda take kira bun, a wani ɗan kasko mai dogon mariƙi, tana girgizawa har ta fara ƙara tas-tas, ta yi duhu, ta yi maiƙo. Sai ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta juye a ƙaramin turmi ta daka da busasshiyar citta, wani lokaci da kanumfari guda biyu, ta dafa, ta ɗura a jabana, ta toshe bakin da ɗan zaren dabino don ya tace dusar. Finjali ƙanana, sukari kusan rabin finjalin, turaren wuta a gefe. Maƙwabta sun ɗauki abin a matsayin wata tsirfa ta mutanen gabas. Jikar tata ce mai fifita gawayi tun tana 'yar firamare. Da tsohuwar ta rasu, aka raba zannuwa da gwala-gwalai, jabana ba wanda ya ko kalle ta, sai jikar ta naɗe ta a ɗankwali ta tafi da ita makaranta Zariya.

Wannan ma yana da muhimmanci, domin a Samaru ta karanta zane, kuma duk wanda ya bi ta sashen nan ya sha labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka tsaya a kai shi ne a koyi dabarar Bature, amma a ɗebo abin faɗa daga gida. Ita ma da wannan tarbiyya ta fito. Ta ce tunda kakarta gahawa ce rayuwarta, to da gahawa za ta zana ta. A takarda tunanin ba shi da aibu. Zanukan ma da suka fito sun yi kyau ƙwarai: hannun tsohuwa riƙe da mafici, ƙofar zaure, tashar jirgin ƙasa, duk cikin launin ƙasa-ƙasa irin na tsohon hoto. Ta zaɓi akoko da gangan, saboda kakan nata ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a zamanin da masaƙun Kaduna ke juyi dare da rana. Ta farkonsu ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen haɗa ruwan zanen. Dafaffiyar gahawa ba ta da kauri, idan ta bushe sai ta yi fayau, kamar an zubar da shayi a riga. Don ta samu duhu sai ta koma amfani da Nescafé, tana dama shi da ruwa kaɗan har ya yi kamar kwalta, a wasu wuraren ta ƙara sukari don ya yi sheƙi. Da hunturu ta yi yawancin aikin, lokacin da iskar Kaduna ke busar da wanki kafin ka gama shanya. Komai ya bushe ƙayau, ba wanda ya yi zargin komai. Amma garin gahawa irin na gwangwani mayen danshi ne, duk mai shayi ya san haka, shi ya sa yake ɗaure bakin leda da damina. Da iska ta jiƙe sai fentin ya sake narkewa a kan yadin, sukari ya kira kiyashi, akoko ya riƙe laima, fumfuna ta samu gona. Ga kuma wata matsala da ba ta nuna kanta ba tukuna: launin gahawa rini ne na tsiro, hasken rana yana cin sa sannu a hankali. Ba kamar jar ƙasa ba, wadda launinta na ƙarfen da ke cikinta ne, ta shekara ɗari a bango ba ta canza ba.

Mai wurin da ya yi alkawarin ba ta zaure ya zo ya gani, ya yi jaje, washegari ya aiko cewa an samu canjin tsari. Kuɗin kafin-alƙalami da ta bayar har yau ana kan za a duba.

Yayanta ne ya ba da shawarar a je wajen wani dattijo mai zayyanar allo a unguwarsu, ko yana da maganin da zai kama launin. Ni na kai ta. Muka same shi a zaure yana fere alƙalamin kara, ga kwalaben tawada a jere. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe ɗaya daga cikin zanukan da suka tsira. Ya daɗe yana kallo, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya yi mata bayanin yadda suke yi: baƙin tukunya ko gawayi, a haɗa da ƙaro, ƙaron ne ke riƙe baƙin a jikin allo. Ya ce ta gwada ƙaro a madadin sukari, ta kuma rage kauri, ta riƙa yin shafi a kan shafi. Wannan shawara ce ta gaske, domin fentin ruwa na kanti ma da ƙaro ake ɗaure shi, irin wanda ake tsinka a jikin dakwara a Yobe da Jigawa da Barno, wanda kuma Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa. Amma da ta tambaye shi ko hakan zai hana launin gushewa, sai ya yi murmushi.

"'Yata, mu da muke rubutu a wanke a sha, ina ruwanmu da gushewa?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ni so nake ya zauna."

Ya ce to ta nemi abin da ke zama. Wannan abin sha ne.

A mota ba ta ce uffan ba har muka wuce kasuwar Barci. Ni a raina na ɗauka haushi ta ji. Ashe lissafi take yi.

Abin da aka buɗe bayan mako uku ba shi ne abin da aka shirya ba. Wata gwaggonta ta ba ta aron falon gidanta da ba kowa a ciki. Ta rataye zane huɗun da suka tsira, da biyu daga cikin masu fumfuna, waɗanda ta shanya a rana ta kakkaɓe amma ta bar tabon. Ta kwashe kujeru, ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye kurfoti kusa da taga. Mutum shida take shigarwa a lokaci ɗaya, a cire takalmi, a zauna. Ba ta jawabi. Ta soya, ta zagaya da kasko, ta daka, ta dafa, ta zuba. Zama ɗaya yakan ci kusan awa guda. Idan an shanye, sai ta miƙa wa kowa guntun akoko kamar tafin hannu da alƙalamin kara, da ragowar gahawar da aka dama da ƙaro, ta ce duk wanda ƙanshin ya tuna masa wani wuri ya rubuta ko ya zana. Wanda bai tuna komai ba ya bar shi fari. Ana maƙala su a igiya da abin shanya.

Kwana tara aka yi, na zauna a fiye da rabin zaman, kuma a nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru.

Ita a zatonta mutane za su zo su ji kakarta, su ji Sudan. Waɗanda suka ji hakan 'yan kaɗan ne. Akwai wasu 'yan mata biyu cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartoum bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Tun kafin a sauke kasko ɗayarsu ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya ta ce matan da ke sayar da shayi da jabana a gindin bishiya a bakin titi ta tuna, da 'yan kujerunsu na ƙarfe, da wadda takan ba ta bashi idan kuɗin gida bai iso ba, wadda ba ta san ko tana raye ba. Waɗannan su ne gahawar ta yi wa magana kai tsaye.

Sauran fa? Na bi igiyar nan na karanta guntayen ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ka ga wanda ya ambaci gahawa. Wata ta rubuta ɗakin mai jego, saboda citta da kanumfari sun kai ta ga kunun kanwa da yajin jego. Wani ya rubuta sunan ƙauyensu kawai. Wani ya zana murhu mai duwatsu uku. Wata dattijuwa da ba ta rubutun boko ta sa aka rubuta mata cewa hayaƙin ya yi mata kamar ranar da ake suyar gyaɗar ƙuli a gidan ubanta. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa, da ya ga akoko ya shafa shi da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ce shi gahawar da ya sani ita ce ta teburin mai shayi a ƙofar kamfani, cokali ɗaya a kofin roba kafin a shiga aikin dare, kuma wannan ta yau ba ta kama ƙafar waccan ba. Mai zanen ta ce, "Baba, a ƙara maka?" Ya ce a ƙara.

Dalilin a bayyane yake idan aka tsaya aka duba. Gahawa ba ƙanshin gidan Bahaushe ba ce. Sunan ma aro ne daga Larabci. Asalin itacen tsaunukan Habasha ne, Sufayen Yaman ne suka mayar da ita abin sha a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, daga tashar Mokha ta bazu duniya, har aka taɓa haramta ta a Makka a 1511 kafin a janye. A Najeriya ana noma ta a tsaunin Mambila a jihar Taraba, amma ba ta taɓa zama abin safe da yamma a gidajenmu ba. Mu goro ne ya riƙe wannan matsayi, shi ake ba baƙo, shi ake rabawa a ɗaurin aure, shi ke hana barci. Don haka abin da ya buɗe wa mutanen Kaduna ƙofa a falon nan shi ne 'yan rakiyar gahawar: gawayi, citta, kanumfari, turaren wuta, amon taɓarya, zaman tabarma.

Masana sun yi bayanin abin da ke sa ƙanshi ya yi wa mutum irin wannan kamun kazar kuku. Saƙon ido da na kunne sai sun biya ta wata matattara a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su, amma na hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sassan da ke kula da motsin rai da ajiyar abin da ya wuce. Shi ya sa hawaye kan riga tunani zuwa. Richard Axel da Linda Buck sun samu kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda hanci ke tantance ƙanshi. Mutum yana da na'urorin kama ƙanshi kusan iri 400, soyayyiyar gahawa kuwa tana sakin ɗaruruwan sinadarai masu tashi a iska, yawancinsu wutar suya ce ke haifar da su. Zanen da ke bango ba shi da ko ɗaya daga cikinsu bayan 'yan makonni, sun riga sun tashi. Wato tun kafin fumfuna ta zo, abin da take son kamawa ya bar yadin. A ganina damina taimakon ta ta yi, ko da yake ban faɗa mata haka a lokacin ba, don ina son zaman lafiya.

Akwai mutum ɗaya da ba zan manta ba, wani magidanci da ya ce tun da ya yi korona hancinsa bai koma daidai ba, ƙanshin gahawa wari yake yi masa kamar ƙonanniyar roba. Wannan sananniyar matsala ce ga wasu da suka yi cutar, kuma gahawa na cikin abubuwan da suka fi juya musu. Ya daure ya zauna har ƙarshe, ya karɓi finjali ya riƙe bai sha ba, ya ce ɗumin ya ishe shi. Nasa guntun fari ya rataye.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani abokin karatunta ya ce mata a gabana wannan ai walima ce, ina zanen? Yayanta, wanda ya biya kuɗin katako, ya tambaya cikin raha mai ɗaci ko shekara huɗu a Zariya dama don a buɗe teburin shayi aka yi. Tambayar ba ta banza ba ce, sai dai ba ita ta fara bin wannan hanya ba. Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, tana da aikin da take zaunar da baƙo a gabanta su fasa goro su ci suna hira a kan tarihinsa. Emeka Ogboh ya yi suna da naɗar hayaniyar Legas, kiran 'yan kamasho da hon ɗin motocin haya, yana sakawa a zaurukan Turai, kuma a babban baje kolin documenta na 2017 a Jamus abin sha ya haɗa a matsayin aikinsa. Bambancin shi ne su suna da cibiyoyin da ke biyan su don su yi abin da ba a ratayewa a bango. A Kaduna ba haka abin yake ba. Mai sayen zane a garin nan yana son abin da zai sa a falo ko ofis, ya nuna wa baƙo, ya san shekara goma yana nan.

Haka kuwa aka yi. Wani alhaji ya taya babban zanen fuskar Hajiya Kaka, wanda kiyashi suka bi, da farashin da zai mayar mata da duk abin da ta kashe. Ta gaya masa gaskiya cewa launin zai dusashe, sai dai in zai sa shi a gilashi mai tare hasken rana, ya nisanta shi da taga da danshi. Ya ce zai yi shawara. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yayanta ya ce wa ya aike ta. Ni kuwa ina ganin ba ta da zaɓi, domin Kaduna ƙaramin gari ne ga mai sana'a, zane ɗaya da ya koɗe a falon babban mutum ya isa ya rufe mata kasuwa. A ƙarshe ƙananan zane biyu kawai ta sayar, ga mutanen da suka sha gahawar suka kuma ji gargaɗin. An tashi da asara.

Wani abu kuma da igiyar ta nuna, wanda ba ta shirya masa ba. Kaduna gari ne na baƙi tun asali, Turawa ne suka kafa shi suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙu suka tara mutane daga ko'ina. Bayan rikicin 2000 da na 2002 jama'a da yawa sun sayar da gidajensu ko sun gudu sun bar su, kogi ya zama kamar iyaka, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin nasa ne. A cikin guntayen nan na ƙirga da dama da gidan da suka ambata bai fi tafiyar minti ashirin a Keke Napep daga falon ba. Wata ta rubuta sunan layinsu na da a kudancin gari, da bishiyar mangwaron da ke ƙofar gidan. Wata mata Kirista da abokiyar aikinta ta gayyato ta rubuta sunan wani layi a Tudun Wada, bayan gidan su Hajiya Kaka da kaɗan. Mai zanen ta rataye su kusa da juna. Na so in ce mata hakan ya yi kama da shiri, sai na tuna ba ita ta rubuta su ba.

Yanzu guntayen suna cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakinta, tsakanin kowane biyu ta sa farar takarda, ta jefa ƙullin gawayi a kusurwa don ya sha danshi. Tana son ɗinke su su zama mayafi ɗaya, amma ba ta yanke shawarar ko za ta bi rubutun da zare kafin ya gushe ba, ko ta ƙyale shi. Ta fara gwada haɗa gahawa da jar ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yi wa daɓe, ta manna gwaje-gwajen a taga mai kallon yamma, kowanne da ranar da aka shafa shi, rabi a rufe da kwali rabi a buɗe. Duk wata sai ta ɗaga kwalin ta duba.

Jabanar kuwa ba ta kai ƙarshen nunin ba. A rana ta bakwai wuyanta ya tsage, gahawa ta riƙa tsattsafowa tana sauka a gawayi tana cuu. Tukunyar da ta saba hawa wuta sau ɗaya a yini aka ɗora wa sau huɗu. Kwana biyun da suka rage da butar shayi ta silba aka ƙarasa, kuma cikin waɗanda suka zo ba wanda ya lura. Ta kai tsagaggiyar wajen wata maginiyar tukwane a hanyar Kachia don a gina mata irinta. An yi uku, duka ukun wuyan ya yi gajarta, maginiyar ta ce a ba ta har bayan girbi ta sake gwadawa da wani yumɓun.